Kaset ɗin Gem Marasa Lasisi: Wanne Ne Kuɗi, Wanne Ne Roba?

Wani matashi daga Fagge ya aiko da wannan tambaya: "Kawu, mahaifinmu ya rasu bara. Muna share sitonsa sai muka tarar da kwali cike da kaset ɗin gem na da, guda 63. Yawancinsu rawaya ne, an rubuta 9999999 in 1 ko 64 in 1 a jikinsu, wasu baƙaƙe, biyu kuma da rubutun Larabci. Babu sunan Nintendo a jikin ko ɗaya. Abokina ya ce irin waɗannan marasa lasisi su ake saye da miliyoyi a Amurka. Wani dillali kuma ya taya kwalin duka naira dubu 40, yana ta kirana. In sallama ko in riƙe?"

Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ɗana, kada ka sallama tukuna, amma kuma kada ka fara tambayar kuɗin fili a Hotoro. Abokinka ya tsinci ƙarshen zance ne bai ji farkonsa ba. Shi kuwa dillalin, ko dai ya hango abu ɗaya ko biyu a cikin kwalin nan, ko kuma jefa ƙugiya kawai yake yi. Ni na yi shekaru ina gyaran talabijin da gem a Sabon Gari, na riƙe gidan gem a Gwammaja lokacin da yara ke biyan kuɗi su karɓi hannu, yanzu kuma tara kaset ɗin nake yi, don haka bari in warware maka abin yadda na san shi.

Kafin komai, kayan nan na gado ne. Ko da za su kasance ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba, sauran magada suna da haƙƙi a ciki. Ka sanar da su, ka ƙirga a gabansu, sannan a yi maganar ciniki.

To, kalmar "marar lasisi" ita ce ta rikita ku, domin abubuwa daban-daban ake kira da ita, kuma tsakanin farashinsu akwai nisa kamar daga nan zuwa Legas. Asalin maganar daga Nintendo ta taso. Sun fitar da na'urar gem ɗinsu mai suna Famicom a Japan a 1983, sannan suka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, da wani fasali daban. A lokacin kasuwar gem ta Amurka ba ta daɗe da rushewa ba, kuma cikin abin da ya kashe ta akwai yawan wasannin banza da kowa ke bugawa. Sai Nintendo ta saka wa NES wani ɗan ai-si, wato ƙaramar ƙwayar lantarki, da ake kira 10NES, mu muna ce masa maigadi. Akwai ɗaya a cikin na'ura, akwai ɗan'uwansa a cikin kaset. In suka gaisa suka gane juna, wasa ya tashi. In ba su gane juna ba, fitila ta yi ta ƙiftawa, hoto ya yi ta ɗaukewa. Duk kamfanin da ke son maigadin nan dole ya bi sharuɗɗansu: wasa 5 kacal a shekara, Nintendo ce za ta ƙera maka kaset ɗin ka saya a hannunta, kuma ba za ka kai wasan wata na'ura ba sai bayan shekara 2.

Wasu kamfanoni suka ce ba za su iya ba, suka nemi hanyar zagaye maigadi. Su ne marasa lasisi na ainihi, waɗanda abokinka ya ji labarinsu. Ka lura, waɗannan ba ɓarayin wasa ba ne. Nasu suka rubuta, ko suka sayi izini daga masu shi, izinin Nintendo ne kawai ba su da shi. Tengen, reshen Atari Games, ya ƙera nasa maigadin mai suna Rabbit, bayan lauyoyinsa sun karɓo bayanan 10NES daga ofishin haƙƙin mallaka na Amurka da hujjar da kotu daga baya ta ce ba gaskiya ba ce. Kaset ɗinsu baƙaƙe ne. Tetris ɗinsu ya fito a watan Mayu na 1989, bai wuce 'yan makonni a kanti ba kotu ta sa aka janye shi. Color Dreams kuwa dabararsu ta fi ban dariya: wani ɗan bugun wuta suke aika wa maigadi ya suma, wasa ya wuce. Daga baya suka buɗe reshe mai suna Wisdom Tree, suna yin wasannin addinin Kirista suna sayarwa a shagunan littattafan coci, inda Nintendo ba ta da ikon tsorata mai kanti. Camerica na Kanada suna buga wasannin Codemasters na Ingila a kwanso mai ruwan zinare ko azurfa, da ɗan makunni a bayansa. A Ostareliya, kamfanin HES ya yi kaset ɗin da sai ka goya masa wani kaset na asali a jikinsa ya ari maigadinsa. Sega ma ta yi irin wannan rigima da Accolade, kuma a 1992 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce ba laifi ba ne kamfani ya kwance na'ura ya gano yadda take aiki don wasansa ya tashi a kanta.

Ko a cikin waɗannan ma, yawancinsu ba su da tsada. Tengen ya buga kaya da yawa, har yau ana samunsu da araha. Masu tsadar 'yan kaɗan ne, kuma kowanne da dalilinsa. Action 52 na kamfanin Active Enterprises ya fito a 1991 a kan dala 199, wasa 52 a kaset ɗaya, kusan dukkansu marasa kyau, wasu ma ba sa tashi. Wannan mummunan suna shi ya sa ake nemansa yanzu. Ƙaninsa Cheetahmen II ba a taɓa kai shi kanti ba, sai a 1996 aka tarar da kimanin guda 1,500 a wani sito, kuma dubban daloli ake sayensa. Haka Myriad 6 in 1: kamfanin Caltron ya buga shi a 1992, ya durƙushe, wani ƙaramin kamfani ya saye ragowar kayan ya manna sabuwar takarda mai lamba a kan tsohuwar. Lambar da ta fi girma da masu tarawa suka gani ita ce 888. Wasa iri ɗaya ne, fanel, wato allon lantarkin da ke cikin kaset, iri ɗaya, amma takardar nan ta sama ita ke ninka kuɗin. Akwai kuma guda 3 na kamfanin Panesian, na batsa da caca ne, suna da tsada ƙwarai, amma ni ba sa shiga shagona.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk waɗannan na NES ne, masu haƙora 72. Ɗauki ɗaya daga cikin rawayen nan naka, ka juya gindinsa, ka ƙirga haƙoran tagullan da ke gefe ɗaya. Na tabbata 30 za ka samu, wato 60 ke nan gaba da baya. Wannan tsarin Famicom ne na Japan, kuma Famicom ba ta da maigadi ko kaɗan, ƙofa a buɗe take. Shi ya sa masana'antun Taiwan da Hong Kong, daga baya na Sin, suka kwaikwayi na'urar da kaset ɗinta suka cika duniya da su. A Rasha ana ce mata Dendy tun 1992, a Folan Pegasus, a Sin akwai Subor, akwai Micro Genius ta Taiwan, akwai Terminator da Polystation mai kwaikwayon siffar PlayStation. Irinsu ne suka shigo mana ta Legas da Dubai da Jidda, muka saye su a Sabon Gari, muka girma a kan Contra da tankoki da harbin agwagwa. Kaset ɗin NES mai haƙora 72 da wuya ka gan shi a Kano, sai wanda wani ya zo da shi daga Ingila ko Amurka, ko ya faɗo cikin kayan gwanjo. In baƙaƙen naka suna da 32 a kowane gefe, to na Sega Mega Drive ne, su ma an yi jabunsu ba adadi.

Rawayen nan masu 9999999 in 1, gara in gaya maka gaskiya tun yanzu: roba ce. Kunna ɗaya ka gani. Za ka tarar da hoton bakin teku da tsuntsaye suna shawagi, ga jerin sunaye ba iyaka, amma wasannin gaske ba su fi 5 zuwa 10 ba. Lamba 1 Mario ne, lamba 6 Mario ne daga mataki na biyu, lamba 11 shi ne dai da wani launi. An buga su ba iyaka, kuma ana ba da su kyauta a cikin kwalin na'ura. Tsufa kaɗai ba ya sa kaya tsada, in ba haka ba da tukwanen kakanninmu sun sa mu arziki. Sai abu ya yi ƙaranci, sannan a samu masu rububinsa, sannan a iya tabbatar da cewa shi ɗin ne.

Amma kada ka zubar da kwalin, domin a cikin irin wannan tarkace ake tsintar kaya iri na uku, kuma su ne ni na fi ƙauna. A Taiwan, a farkon shekarun 1990, an samu 'yan ƙananan ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da ba kwafar wasa kawai suke yi ba. Sukan ɗauki wasan da aka yi wa babbar na'ura, su sake rubuta shi daga tushe don ya tashi a ƙaramar Famicom. Hummer Team su suka fi suna. Su suka yi Somari a 1994, wato wasan Sonic amma Mario ne ke gudu a ciki, suka yi Kart Fighter inda jaruman Mario ke dambe, suka yi Street Fighter II na Famicom wanda Capcom, mai wasan na asali, ba ta taɓa yi ba. Kamfanin Sachen ya rubuta nasa wasannin masu yawa. Daga baya a Sin aka samu kamfanonin Waixing da Nanjing, har Nanjing ya matse Final Fantasy VII cikin kaset ɗin Famicom a 2005. Waɗannan ba su da lasisin kowa, wasunsu ma satar suna da hoto ne ƙarara, amma aikin hannu ne na gaske, kuma akwai masu tara su a Rasha da Folan da Japan da Amurka da Kudancin Amurka. Kuɗinsu bai kai na Myriad ba. Sai dai bugun farko mai takardarsa lafiya zai iya fin duk sauran kwalinka a haɗe. Alamarsu ita ce yawanci wasa ɗaya ne a kaset, ko 2 zuwa 4, da zane mai ɗan muni da wata lamba a gefen takarda. Wanda bai sani ba shi zai fara jefarwa, don ya ga ai wasa ɗaya ne kawai, ga mai miliyan tara. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ni ma na yi wannan wautar. Wata rana wani yaro ya kawo min kaset 12 a baƙar leda, na saya don in riƙa gwajin na'urorin da nake gyara. A ciki akwai wani toka-toka mai nauyi, takardarsa ta ɗan ɗago a kusurwa, an zana wani ɗan dambe da idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma. Ƙura ta kama shi, sai na jiƙa tsumma da fetur na goge. Kafin in ɗaga hannu launin ya bi tsumman, fuskar ɗan damben ta koma ja da shuɗi a cakuɗe. Na ce to, tunda ya lalace bari in ga cikinsa, na sa wuƙa na banƙare, ƙugiyoyin roba 2 suka karye ƙas. Da ya buɗe sai ga fanel cikakke, ai-si manya masu ƙafafu a jere, lambar jikinsu tana nuna 1993. Bayan shekaru na ga hoton irinsa a hannun masu tarawa, ana ta tambayar wa ke da mai takarda lafiya. Garin gyaran gira na rasa ido. Yana nan a aljihun teburina har yau, ina nuna wa yaran shago.

Saboda haka, yadda za ka tantance naka ba tare da ka ɓata su ba. Fara da nauyi. Ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu. Na farko-farko, na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, suna da nauyi, robarsu mai kauri ce, don an cika su da ai-si na gaske. Na baya-bayan nan kamar fanko suke. Sai ka shiga ɗaki mai duhu, ka kunna fitilar waya ka manna ta a bayan kwanson. Robar rawaya tana barin haske ya ratsa. In ka ga inuwar fanel ta cika kwanson, ga inuwar abubuwa masu kusurwa huɗu, ware shi gefe. In ka ga ɗan guntun fanel a ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, sama duk fili, to mai ɗigon kwalta ne, wato an manna ƙwayar a kan fanel an ɗiga mata baƙin ƙaro don a rage kuɗi. Ɗigon kwalta ba hukunci ba ne, domin wasu wasannin Taiwan masu daraja ma da shi aka yi su, amma yawancin tarkace haka suke. Kaset ɗin Famicom kuma yawanci ba su da noti, ƙugiyoyi ne a ciki ke riƙe da su, kuma robar da ta sha zafin Kano shekara 30 ba ta da haƙuri. Kada ka buɗe da kanka.

In wanda ya iya ya buɗe maka, abin dubawa shi ne lambobi huɗu a bayan ai-si. Misali 9134 na nufin mako na 34 na shekarar 1991. In takarda tana iƙirarin kayan 1991 ne amma ai-si na cewa 2015, ka san an yi maka ɗinki. In ka ga ai-si mai 'yar tagar gilashi a tsakiya an rufe ta da sitika, kada ka ɓare, kada ka bar shi a rana, domin hasken da ke shiga ta tagar nan shi ake amfani da shi a goge abin da ke ciki. Kuma e, abin dariya, yanzu har jabun jabu ake yi. Tunda aka ga ana neman Somari da Cheetahmen II, sai ga sababbin bugu sun cika kasuwannin intanet, takarda tana sheƙi, roba sabuwa fil. Naka da ya kwana a siton Fagge ya tsira daga wannan zargi, kuma wannan kansa daraja ce. Ka ɗauki hoton kwalin yadda kuka same shi, da duk wani rasit ko littafin ciniki na marigayi da ke kusa. Masu saye suna biyan kuɗin labarin inda kaya ya fito.

Wajen gwaji ma a yi hattara. Sami na'urar kwaikwayo irin tamu ta da, ka haɗa ta da talabijin ta wayoyin nan rawaya da fari. Kada a hura wa kaset iska da baki kamar yadda muka saba, danshin numfashi ke jawo tsatsa a haƙora. Ɗan auduga a tsinke da sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya ya isa, a goge haƙoran kawai, kada ya taɓa takarda. In an ci sa'a akwai Famicom ta asali a siton, kada a soka adaftarta a bango kai tsaye: wutar Japan 100 ce, tamu 230. Kada kuma a ba ta adaftar NES ko da bakin ya shiga, nan take za ta ƙone. Wasan harbin agwagwa ba zai yi a talabijin ɗin bango ba, bindigar sai da talabijin mai ƙeya take aiki, don haka kada ka ce kaset ɗin ya mutu. Duk wanda ka kunna, ɗauki hoton allon farko da jerin wasanninsa, domin takardar waje ta sha yin ƙarya. Na taɓa ganin kaset mai hoton ƙwallo, ciki kuwa wasan jirgin yaƙi ne.

Biyun nan masu Larabci su suka fi ɗaukar hankalina, kuma ina zargin su dillalinka ya gani. Abu biyu nake tsammani. In masu haƙora 60 ne, wataƙila wasan ƙwallon nan ne na Captain Tsubasa kashi na biyu, wanda Tecmo ta fitar a 1990, aka juya shi zuwa Larabci ba da izini ba aka sa masa Kyaftin Majid. Ya yi tashe a ƙasashen Larabawa, kuma waɗanda suka taso da shi a Saudiyya da Masar da Iraƙi yanzu manya ne masu abin hannu, suna nemansa. In kuwa siffarsu daban ce, kuma ka ga an rubuta Sakhr ko Al-Alamiyya, to ba ma na gem ɗin da muke magana ba ne, na kwamfutar MSX ne wadda kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait ya mayar ta Larabci a shekarun 1980. Sun yi kaset na koyon karatu da lissafi da tarihin Musulunci, har da na Alƙur'ani. Alhazai sun riƙa shigo da irinsu tsaraba. Waɗannan halastattun kaya ne, kuma suna da masu nema na musamman. In na Alƙur'ani ne, ka cire shi daga cikin tarkacen nan ka ajiye shi inda ya dace tun kafin a yi maganar kuɗi.

Sai maganar farashi. Miliyoyin da abokinka ya ji gaskiya ne, amma ba na irin kayanka ba ne. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 a kamfanin Heritage Auctions a kan dala miliyan 1.56, kwana biyu kafin nan an sayar da Zelda dala 870,000, a watan Agusta kuma Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2. Dukkansu na Nintendo ne na asali, a cikin kwalinsu, ledarsu ba a taɓa farkewa ba, kuma kamfanin tantancewa ya ba su maki ya rufe su a akwatin roba. Ko su ɗin ma, an yi ta zargin cewa da gangan aka hura farashin, har wasu masu saye suka kai kamfanin tantancewa mai suna Wata gaban kotu a 2022, kuma kasuwar ta sauko sosai bayan nan. Mu nan mun san wannan tun kafin a ƙirƙiro gem. Shi ne najashi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana: mutum ya taya kaya ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi.

Don haka in ka shiga kasuwar intanet ta eBay kada ka dubi abin da mai kaya ya sa. Kowa na iya rubuta dala dubu a kan takalminsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka zaɓi jerin waɗanda aka riga aka sayar, ka nemi irin naka sak, ka duba ciniki 3 ko 4 na watannin baya, ka ɗauki na tsakiya. Shafin PriceCharting yana tattara irin wannan lissafi, yana da amfani ga su Tengen da Camerica, amma kayan Taiwan da yawa ba ya ɗauke da su. Don gane sunan abin da ke hannunka, shafin BootlegGames Wiki ya fi. Daga abin da ka samu kuma sai ka cire kuɗin aikawa daga Kano, da la'adar shafin, da ta wanda zai karɓar maka kuɗin a waje, da yiwuwar mai saye ya ce kaya bai iso ba. Sau da yawa kaset ɗin dala 20 in ka gama wannan lissafi ba abin da ya rage sai wahala. Shi ya sa ƙananan ake haɗa su a sayar a dunƙule, manyan kuma ɗaya-ɗaya. In kana da irin abu ɗaya guda 10, kada ka fito da su rana ɗaya. Aladdin Deck Enhancer na Camerica, wani kwanso da ake cusa wa ƙananan kaset kafin a sa shi a NES, ya zama darasi: an ɗauka ya yi wuya, sai ragowar kayan sito suka fito da yawa, har yau sabo a kwali ba ya wani tsada.

Akwai wata daraja kuma da ba ta kuɗi ba. Masu adana tarihin gem suna da na'urar juye abin da ke cikin kaset zuwa kwamfuta, su kwatanta shi da rumbunan da ake da su kamar No-Intro. Kayan Nintendo kusan duk an juye su. Kayan da aka yi wa kasuwanni irin tamu kuwa har yanzu ana tsintar waɗanda ba a taɓa juyewa ba, don ba wanda ya damu ya rubuta su lokacin da ake sayar da su. Namu na nan kullum ƙarewa suke. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa da tsofaffin kayan da ke cikinsu. Abin da ya tsira kuma 'yan jari bola na fasawa. Da idona na ga yaro a wajen Ƙofar Ruwa zaune kan buhu da guduma, yana fasa kaset yana jefa fanel a bokiti don a auna a kilo, robar rawaya ta taru a gabansa kamar ɓawon gyaɗa. Na sayi guda 9 da bai kai gare su ba. In aka samu wanda ba a taɓa juyewa ba a kwalinka, a juye shi kafin a sayar. Wasu masu saye za su ce hakan na rage kuɗi, kuma wani lokacin da gaskiyarsu, amma ni ra'ayina a juye. Ai-si ba ya dawwama.

Kafin nan, ka fitar da su daga siton. Rufin kwano da zafin bazara suna gasa roba, danshin damina na kumbura takarda, gara da kyankyaso kuma suna son gam ɗin da ke bayanta. Sa kowanne a 'yar ledarsa, kada ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi don tana narkewa ta manne, ka jera su a tsaye cikin akwatin roba a ɗakin da rana ba ta shiga. Wanda ya yi ja saboda tsufa ka bar shi da jansa. Kada ka sake manna takardar da ta ɗago, kada ka rubuta komai a jiki.

Dillalin kuma ka ce masa albarka, cikin mutunci. In ya matsa, gwada shi da abu ɗaya: ka ce za ka cire guda 5 ka sallama masa sauran 58 a kan kuɗin da ya taya. In ya amince ba tare da ya tambayi waɗanne za ka cire ba, to dubu 40 ɗin nan ba mugun tayi ba ne ga rawayen, ku shawarta da 'yan'uwanka ku karɓa. In kuwa ya ce sai ya ga waɗanda ka cire, ka lura da inda idonsa ya fara sauka. Biyar ɗin da za ka ware su ne masu Larabcin nan biyu, da uku mafi nauyi cikin masu wasa ɗaya. Ka turo min hotonsu gaba da baya da gindi, da hoton allon farko in sun tashi, ko ka kawo su shago bayan la'asar, a rufe yadda suke.